Jurandir da Dekin Yayata

Mijin yayata, Jurandir, bai taɓa tuƙa mota ba. Ko lasin ba shi da shi. Rabin rayuwarsa ya yi yana kwandastan bas a São Paulo, yana zaune a kujerar nan ta tsakiya yana karɓar kuɗi yana gyangyaɗi, wani na jansa. Amma in ka ji shi yana zancen tseren motoci, sai ka rantse a cikin inji aka haife shi. Ni ce Dalva, ƙanwar matarsa. Bango ɗaya ya raba gidana da nasu, saboda haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Kuma tun yanzu in faɗa muku, haushinsa nake ji har gobe.

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Bai taɓa ɗaga wa Yaya Zulmira hannu ba, albashinsa kuma a tafinta yake sauka gaba ɗaya. Ga sanyin magana, ga gaishe da mutane, tsofaffin unguwa ba su da bakin yabo sai na Seu Jurandir, kamar yadda suke kiransa don girmamawa. Ciwonsa ɗaya ne tak, kuma sau ɗaya yake tashi a shekara, lokacin da motocin dogon tsere suka zo filin tsere na Interlagos.

Daga jihar Paraíba ya zo São Paulo yana saurayi, da jakar leda da takalmi ɗaya. Shi da bakinsa yake cewa makonsa na farko ya ji wata ƙara tana tsaga iska, ya ɗauka jirgin sama ne zai faɗo. Maimakon ya gudu kamar mai hankali, sai ya bi ƙarar har saman tudu. Daga can ya hango motoci ƙanana, masu rarrafe da ciki, suna shan kwana ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan, an gama da shi.

Da suka yi aure da Yaya, akwai fili a ƙasa kusa da kasuwa, shimfiɗaɗɗe, ga tashar bas a baki. Ya ƙi. Ya je ya sayi wannan gangaren da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

"Iska ta fi kaɗawa a nan, Zulmira," in ji shi.

Iska! Kwana ɗaya ta filin tseren ake hangowa daga nan, da ɗan guntun hawa a gabanta. Mota ta ɓullo, ta karya, ta ɓace. Saboda wannan kwanar yayata ta tsufa tana hawan tudu da kayan cefane har gwiwoyinta suka lalace.

Abin da zai ba ka mamaki, tseren kansa bai dame shi ba. Ranar Lahadi da duniya ke cika filin, shi yana iya kwanciya ya yi barcinsa. Juma'a da Asabar su ne nasa: ranar gwaji, da ranar da ake tantance wanda zai tashi a sahun gaba. Kowace shekara a kansu yake ɗaukar hutu. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kai dai ɗan lasar miya ne, ba ka jiran tuwo."

Ya ce, "Dalva, ke dai ba ki gane ba. Ranar tsere awa shida za su yi, kowa lallaɓa motarsa yake kamar mai jinya. A tattala taya, a tattala mai. Amma ranar tantancewa ba tattali. Zagaye ɗaya ne, ka zuba duk abin da Allah ya ba ka. A nan ake ganin namiji."

"Kai da ko keke ba ka iya ba?"

"Mai kallo ba ya buƙatar lasin."

Ya san mutum uku ne ke karɓa-karɓar mota ɗaya, kuma a wasu motocin na ukun ba ɗan sana'a ba ne, attajiri ne da ya sayi kujera. Waɗannan su ne abin dariyarsa. "Ji shi, ji shi! Mai kuɗi ya hau. Ji yadda yake taɓa birki kamar yana taka ƙwai. Wata rana sai ɗayansu ya sumbaci shingen nan a gaban idona." Shekara da shekaru yana wannan fata, ba wanda ya sumbaci komai. Kwanarmu kwana ce mai lafiya, ba abin da ke faruwa a cikinta.

To, unguwa ba ta tsaya jiransa ba. Duk wanda ya samu dama sai ya zuba dekin, wato rufin kankare, ya ɗora ɗaki a kai, wani ya ɗora biyu. Maƙwabcin ƙasa ya cinye masa guntun hawan, na gefe ya gutsure bakin kwanar. Gidan Yaya kuwa yana nan a durƙushe da tsohon rufinsa na kwano. Jurandir ya koma hawa tankin ruwa, tsofai-tsofai da shi, yana leƙe ta tsakanin shanyar mutane.

Yaya Zulmira ma dekin take so, amma nata dalilin daban. 'Yarsu ɗaya ce a duniya, Rosilene, kuma ita da mijinta da jaririyarsu Tainá duk a cikin ɗaki biyun nan suke cunkushe. Mijin, yaro ne mai haƙuri, amma haƙuri ma yana da iyaka. Wansa na Mato Grosso ya yi masa alkawarin aiki da wurin zama, can inda sai ka kwana ka wuni a mota. Ya faɗa wa surukarsa a fili, ba ɓoye-ɓoye:

"Dona Zulmira, ni ba na son raba ki da 'yarki. In aka zuba dekin bana, ni da hannuna zan ɗora mana ɗaki a sama, mu zauna. In ba a zuba ba, ki yafe mini, tafiya za mu yi."

Yayata goge-gogen gidajen mutane ta yi tun tana budurwa. Abin da aka sallame ta da shi da ta bar aiki, ko takalmi ba ta saya da shi ba. Ya tafi a siminti, rodi, yashi da tsakuwa. Buhunan simintin a falo ta jera su ta lulluɓe da bargonta don kada sanyi ya taɓa su, ita kuwa tana kwana da zani. Da yamma ta ɗauki Tainá ta tsaya a tsakar gida tana nuna mata sama: "Can ne ɗakinki, uwata. Can za ki riƙa leƙo ni." Ta ɗauko birkila, Seu Osmar, daga wata unguwa, ya cire kwanon, ya jera katako da rodi, ya tokare ƙasa da sanduna. Saura zubi kawai.

Zubin dekin a wurinmu aikin gayya ne, kuma dokarsa kowa ya san ta. Maƙwabta su kawo ƙarfi, mata su ɗora feijoada, wato dafaffen wake da nama, a sa giya a ƙanƙara. Amma ba a buɗe tukunya, ba a buɗe kwalba, sai bokitin ƙarshe ya hau. Kuma da an fara ba a tsayawa, don kankare in ya sha iska rabi da rabi ba ya kama juna.

Jurandir ne ya zaɓi ranar. Asabar, a watan Yuli. Da na duba na gane wace Asabar ce, sai na tare Yaya a gabansa.

"Yaya, ranar tantancewa ce fa!"

Ta juya ta dube shi. Shi kuwa ya gyara zama, ya sa muryar nan tasa ta mutanen kirki.

"Saboda haka na zaɓe ta. Ku mata ba ku san maza ba. Wata Asabar ɗin in na gayyaci talatin, goma za su zo, sauran kowa da ciwon baya. Amma ka ce wa mutum ya zo ya hau sama ranar da motoci ke gudu? Har da wanda ban gayyata ba sai ya zo. Kafin rana ta take mun gama. Tantancewar sai bayan azahar, a lokacin muna zaune muna cin wake."

Na ce, "Ƙarya kake, Jurandir. Kanka kake wa tanadi."

"Haba Dalva. Jikata ce fa ni ma."

Yaya ta ce masa, "Ka rantse ba za ka ajiye bokiti ba sai an gama." Ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse da kabarin uwarsa. Ta yarda. Ni ban yarda ba, amma ba dekina ba ne.

Gaskiyarsa ɗaya, maza sun zo. Sun zo har sun yi yawa. Aka kwaɓa a bakin titi, aka ja layi daga shebur zuwa tsani, bokiti na tafiya hannu zuwa hannu, Seu Osmar na sama yana baje wa. Da farko abin gwanin sha'awa, ana waƙa ana zolayar mai tumbi. Sai motocin suka fito gwajin safe. Daga nan kowa ya ga ya fi dacewa da aikin sama. Ƙasa ta koma mutum huɗu, sama kamar kasuwa. Duk motar da ta ɓullo, wuyan maza ya juya tare, bokiti ya tsaya a iska. Seu Osmar ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe.

"Ku sauka mana! Biki na kira ku? Kai mai jar riga, tun ɗazu bokiti ɗaya kake runguma kamar matarka!"

Rana ta take, ba a gama ba. Ta karkata, an ɗan wuce rabi. Wake ya nuna tun tuni, ni da Rosilene muna gadin tukunya muna korar hannaye. Sai lasifikar filin ta ɗauka, injina suka yi wata irin kururuwa da ba ta safe ba. An fara tantancewa.

Ina kallon Jurandir daga ƙasa. Yana bakin tsani a sama, shi ke karɓar bokiti yana miƙa wa birkila. An miƙo masa, ya karɓa, ya riƙe. Ya riƙe. Sannan a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya dire shi a gefen ƙafarsa.

Yaya ta ce, "Jurandir."

"Yanzun nan, Zulmira. Ba ta daɗewa. Mutane ma su sha iska."

Seu Osmar ya ce, "Seu Jurandir, ka ji tsoron Allah. Rana ce a kan kankaren nan, ga iska busasshiya. In bakin nan ya kama, ba ruwana."

"Zagaye ɗaya, Seu Osmar. Ɗaya tak."

Da mai gida ya ajiye, wa zai ɗauka? Duk suka watsar. Na ƙasan ma suka jefar da shebur suka haye. Na tsaya a gindin tsani ina zage-zage, ban bar uban kowa ba, amma ƙarar injin ta shanye muryata.

Kuma ka ji rashin sa'a. Abin da mutumin nan ya shekara arba'in yana jira, ranar ya ga damar faruwa. Wata koriyar mota ta shigo kwanarmu da gudun da ya fi ƙarfinta, ta juya, ta juya, ta maku da shinge. Tarkace ya tashi, ƙura ta turnuƙe. Saman gidan Yaya ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Muryar Jurandir ta fi ta kowa.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Mai kuɗi ne! Dalva, kin gani? Ya sumbace shi!"

Direban ya fito da ƙafarsa, ba abin da ya same shi. Aka ɗaga jan tuta, aka tsayar da komai sai an janye motar an gyara shinge. Na ce to madalla, yanzu sa sauko. Ina! Wa zai sauko ana janye mota a gabansa? Mutanen layi da suka ji ihu suka yi ta tururuwa suna hawa, har da waɗanda ban taɓa gani ba, suna tattaka rodi, suna tsayawa a bakin ɗanyen kankare. Sandunan tokare na ƙasa suna ƙara, ina ji da kunnena.

Sai ga Jurandir ya sauko da sauri. Yaya ta miƙa masa shebur. Bai ko gan ta ba. Idonsa na ƙyalli kamar na yaro ranar biki, ya wuce ta, ya sunkuci akwatin giya, ya saɓa a kafaɗa ya haye da shi. Wallahi da idona na gani. Da aka buɗe kwalba, sai wani ɗan iska ya ce ai doka ta karye, suka yi wa tukunya dirar mikiya. Namijin da ya cika cikinsa da wake da giya, ko uwarsa ce a ƙarƙashin bokiti ba zai ɗaga ba.

Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ɗaure ɗankwali ta ɗauki shebur. Ni da Rosilene da mijinta muka kama mata, jaririya na tsala ihu a ɗaki. Mace mai ciwon gwiwa tana hawa tsani da bokitin kankare, tana ratsa ƙattin maza tana cewa "gafara, gafara" a saman gidanta! Wani ma har ya ce mata, "Dona Zulmira, ɗan matsa, kin tare." Siminti ya cinye mana hannu har jini. Amma me mutum huɗu za su yi? Kwaɓin da ke bakin titi ya fara daskarewa, shebur na shiga da ƙyar.

Aka gyara shinge, aka ci gaba da tantancewa, aka gama ta manyan motoci ma. Sai da filin ya yi tsit sannan suka tuna abin da ya kawo su. Suka sauko suna gyatsa, suka tarar kwaɓi ya yi tauri. Kafin Seu Osmar ya sauko ya hana, sun kwarara masa ruwa sun dama shi ya koma kunu. Da wannan kunun aka rufe sauran rabin, da la'asar sakaliya. Jurandir ya fi kowa zafin nama a lokacin, yana gudu da bokiti bibbiyu yana cewa, "Kun gani? Ai ga shi an gama." Seu Osmar ya wanke cokalinsa, ya ƙi cin abinci, ya tafi.

Da lokacin cire tokare ya yi, ya dawo. Duk muka tsaya a falo muna kallon sama. Ga layi nan ya ratsa daga bango zuwa bango, daidai inda aka tsaya, kuma rabi na biyun ya ɗan sunkuyo. Ya hau da guduma. Ɓangaren safe ya amsa da ƙarfi. Ɓangaren yamma kuwa, yana ƙwanƙwasawa yana marmashewa kamar busasshen burodi. Ya sauko ya cire hula.

"Dona Zulmira, ba zan cuce ki ba. Zai kare ku daga rana. In an shafa kwalta zai kare ruwa. Mutum ɗaya ko biyu za su iya hawa su sha iska. Amma bulo ɗaya ban yarda a ɗora a kai ba, balle a kwantar da jaririya. Sai dai a fasa a sake."

A sake da me? Bargon da ta lulluɓe siminti da shi kaɗai ya rage mata.

Kafin Kirsimeti suka tafi. Mijin Rosilene bai yi wa kowa gori ba, ya ɗaure kayansu kawai. A tasha Yaya ta riƙe Tainá har sai da direba ya yi hon, sannan aka ɓamɓare yarinyar daga jikinta. Jurandir na gefe da jaka a hannu, ya yi tsuru-tsuru. Na matsa kusa da shi na ce, "To, ka ga namiji?" Na so ya tanka, don da sauran magana a bakina.

Tun daga nan gidan ya mutu. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, amma magana sai ta dole. Tainá ta fara tafiya a waya, ta fara magana a waya, kuma in aka nuna mata fuskar kakarta sai ta ɓoye a bayan uwarta. Shi kuwa ya rame, ya daina zancen mota ko da wasa. Mutanen unguwa har suna cewa a tausaya masa. A tausaya wa wa?

Da Yuli ta zagayo, ranar Juma'a da hantsi injina suka tashi. Ina gidansu na je aron gishiri. Jurandir na kicin yana tsintar wake, ya sunkuyar da kai kamar bai ji komai ba. Yaya ta ajiye abin da take yi. Ta ɗauki kujerar roba, ta hau tsani da ita da gwiwoyin nan nata, ta dasa ta a saman dekin, ta sauko.

"Tashi ka hau."

"Zulmira, na bari. Na rantse miki na bari."

"Ka taɓa rantse mini. Tashi."

"Don Allah, Zulmira."

"Ƙarfina na shekara talatin yana saman nan. 'Yata na ciki, jikata na ciki. Abin da aka saya da tsada haka ba a barinsa ya zauna a banza. Kujerar kallo ka gina, to za ka kalla. Yau da gobe, tun daga fari har su tashi. Baɗi ma haka."

Ya dube ni, wai ko zan sa baki. Ni? Na kau da kai. Ya tashi ya hau a hankali, yana dafa kowane mataki. Yana kaiwa ta janye tsanin ta kwantar da shi a ƙasa.

Na koma gida na leƙa ta tagar sama. Yana zaune, hannu a kan gwiwa, amma ya juya kujerar, ya ba filin baya, yana fuskantar tankin ruwa. Motoci na kururuwa a bayansa, kafaɗunsa na girgiza. Sai na ji an buɗe ƙofa. Yaya ta fito tsakar gida, ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu.

"Jurandir. Juya kujerar."

Ya juya ta.